Saiti da Natsuwa: Sana'ar Baka da Kibiya a Ƙasar Jabo

Da an kawar da amfanin gona a ƙasar Jabo, gero da dawa sun shiga rumbu, sai aikin maharbi ya tashi. Da damina manomi ne kamar kowa. Ciyawa ta rufe daji, ruwa na ko'ina, nama ya watsu, kuma yawancin dabbobi suna da ciki ko goyo. Amma da hunturu ya fara busawa, tafkuna suka soma janyewa, sai ya sauko da kwari daga inda ya rataye shi, ya shafa wa baka mai, ya duba tsirkiya ko ɓera ya taɓa ta. Haka abin yake a Jabo ta ƙaramar hukumar Tambuwal, haka yake a Dogon Daji da Sanyinna, haka kuma in ka gangara ƙasar Kebbe, wajen Kuchi da bakin gulbin Zamfara, inda daji ya fi duhu.

Maharbi daban, ɗan farauta daban, ko da yake daji ɗaya suke shiga. Farauta taro ce: karnuka, gora da barandami, ganga da kirari, a tayar da zomo a bi shi da ihu, wani lokaci har a yi rigima kan karen wa ya fara kamawa. Maharbi kuwa shi kaɗai yake fita, ko da ɗansa a bayansa, tun gari bai gama wayewa ba, kuma ranar da aka ji motsinsa to ya yi asarar fita. Shugaban maharba Sarkin Baka ne, sarautar da ake naɗawa a fada tun zamanin da. Shi ke raba gardamarsu, shi ake nema in kura ta addabi gari ko wani ya ɓace a daji. Mutanen gari suna yi wa maharba kallon masu asiri. Ana cewa suna da layar zana, suna jin maganar dabbobi, kibiyarsu ba ta kuskure don an yi mata tofi. Ba na musun cewa sun fi kowa sanin itatuwa da saiwoyi, da yawansu ma da ba da magani suke rufa wa kansu asiri. Sai dai abin da ke kai kibiya haƙarƙarin gada a bayan gida ake samunsa, da la'asar sakaliya, kibiya bayan kibiya, shekara da shekaru. Wannan ɓangare na sana'ar ba a cika ba da labarinsa ba, don ba shi da abin al'ajabi, alhali shi ne sana'ar.

Ƙasar nan ta san baka tun kafin ta san bindiga. A watan Yunin 1804, a Tafkin Kwatto, jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ƙarƙashin ƙanensa Abdullahi suka kara da rundunar Sarkin Gobir Yunfa. Gobirawa na da dawaki masu lifidi, ga Azbinawa na taya su. Jama'a kuwa dawakinsu kusan ashirin ne kacal, saura duk a ƙasa suke, yawancinsu 'yan baka. Dawakin Gobir suka yi sukuwa a kansu, ba su watse ba, suka tsaya suna zuba kibau har Gobirawa suka juya. Duk wanda ya taɓa jan baka ya san ba ƙarfin damtse kaɗai ke tsayar da mutum a irin wannan wuri ba. Tambuwal kanta ribaɗi ce, inda Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna, kuma ribaɗi ba ya tsayuwa sai da 'yan baka a kan ganuwa. Har a yaƙin Burmi ta ƙasar Gombe, a watan Yulin 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, kibiya mai dafi ce ta kashe Manjo Marsh, wanda ya jagoranci sojojin Turawa. Daga baya baka ya bar fagen fama, ya saura a hannun maharba da makiyaya da masu gadi.

Saiti yana farawa daga kayan aiki. Bakan ƙasar nan itace guda ne. Ana neman reshe miƙaƙƙe na dargaza ko ɗunɗu, wasu gora suke so, a sare shi a bar shi ya bushe a inuwa, sannan a riƙa feƙe shi kaɗan-kaɗan ana gwadawa a gwiwa, har kawunan biyu su riƙa lanƙwasa daidai wa daida. In ɗaya ya fi ɗaya tauri, kibiya za ta riƙa tashi sama ko ta dunguri ƙasa, mai ita ya yi ta zargin idonsa a banza. Tsirkiya kuwa fata ce da aka yanka siririya aka murɗa. Raɓa na sa ta saki, rana na sa ta ɗaure, don haka bakan da aka gwada jiya da yamma ba lallai ya yi harbi iri ɗaya da asuba ba, sai an sake taɓa shi an ji muryarsa.

Amma in kana son ganin haƙuri, ka zauna kusa da dattijon maharbi ranar da yake ɗaurin kibau. Ga damin kyauro a gefensa, ga kasko da garwashi, ga kawunan kibiya da ya karɓo daga maƙera, wasu masu kunne, wasu tsiko. Zai zaro kyauro ɗaya, ya mirgina shi a tafin hannu, ya ɗaga shi saitin ido ɗaya ya leƙa tsawonsa. In ya ga ɗan karkata sai ya gifta shi a kan garwashi sau biyu ko uku, ya danna da babban yatsa, ya hura, ya sake leƙawa. Sai ya ɗauko jijiya da ya jiƙa, ya naɗe bakin kyauron tam don kada ƙarfe ya tsaga shi, ya naɗe gindin inda tsirkiya za ta zauna, ya cusa kan. Daga nan ya ɗora kibiyar a kan yatsa guda ya ga inda ta tsaya ba ta rinjaya ba. Wadda ta tsaya a inda 'yan'uwanta suka tsaya ta shiga kwari. Wadda ta saɓa, komai kyanta, a ba yara su yi wasa. Dalilinsa a fili yake: hannu ba zai iya koyon kibau goma masu hali goma ba. Kuma kibiyarmu ba ta da gashin tsuntsu a gindi irin ta Turawa da Larabawa, wanda ke gyara mata tafiya in ta fita a karkace. Nauyin ƙarfen da ke gaba ne kaɗai ke jan ta. In yatsa ya ɗan fizge ta wajen saki, haka za ta tafi da laifin har inda za ta faɗi.

Sai dafi. Tushensa 'ya'yan ƙwanƙwani ne, kuma aikinsa a zuciya yake. Daga dangin wannan tsiro ne likitocin Turai suka fitar da maganin ciwon zuciya a ƙarshen ƙarni na 19. Yadda ake haɗa shi sirrin gidan maharba ne, kuma gara ya tsaya can. Abin da ya kawo ni kansa shi ne wani zato da ake yi, wai mai dafi ba ya bukatar saiti, ko'ina ya samu ya wadatar, har a kawo karin maganar nan ta harbi a wutsiya ya fi kuskure. Maharbin ƙwarai bai yarda da ita ba. Gadar da aka sama a cinya gudu za ta yi, ta shige sarƙaƙiya, a kwana ana bin sawu, in an same ta a tarar ta zama mushe ko dila ya riga kowa. Ga kuma hukuncin shari'a, wanda ɗaliban zaure a ƙasar Sakkwato suka sani. Risalar Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ta halatta farautar neman abinci, ta karhanta ta wasa, ta kuma shardanta ambaton sunan Allah lokacin sakin kibiya. Muhtasar na Halil ya nuna cewa naman da aka harba da abu mai guba, in ya mutu ba a san ko raunin ne ya kashe shi ko gubar ba, ba a cin sa. Ke nan dole kibiya ta shiga makasa, ko kuma maharbi ya cim ma naman da ransa ya yanka. Saiti a nan ya wuce gwaninta, shi ke raba halal da mushe, shi ne kuma tausayin da dabba take bin maharbi bashi.

Yaron gidan maharba yakan fara da bakan reshen geza da kibiyar kara mai ƙayar aduwa a baki. In an bar shi, ƙadangaru da kurciyoyi zai bi, kuma nan ne nake ganin ya kamata manya su riƙa tsawatawa, domin hadisi ya inganta a Sahihu Muslim da ke hana mayar da abu mai rai abin gwajin harbi. Buhun ƙaiƙayi ya isa, ko damin kara da aka jingina da katanga ta inda ba mai giftawa. Uba zai manna ɗan ganye ko ɓawon gyaɗa a tsakiya, ya sa yaro ya tsaya taku biyar kacal. Yaro zai raina wannan kusanci, ya ce, "Baba, in ƙara ja baya?" A ce masa a'a. Ba zai ƙara taku ɗaya ba sai kibansa sun riƙa taruwa a wurin da tafin hannu zai rufe. Ba a ma damu da ko sun sami ganyen ba tukuna. In sun taru wuri guda, ko da a gefe ne, hannu ya fara faɗin magana ɗaya, gyara ya zo da sauƙi. In kuwa sun warwatsu, ɗaya ta sami ganye bisa sa'a, ba a koyi komai ba.

Abin da ke tara kibau wuri guda maimaici ne. Ƙafa ta tsaya inda ta tsaya ɗazu. Hannun da ke riƙe da baka kada ya shaƙe shi, domin matsi na murɗa itacen, ya dai tokare shi kawai. Hannun ja kuma ya zo ya tsaya a wuri ɗaya kullum: wani a gefen baki, wani a ƙarƙashin haɓa, mai gajeren baka wataƙila a ƙirji. Ba wurin ne muhimmi ba, rashin sauya shi ne, domin in ja ya ragu da faɗin yatsa biyu, ƙarfin kibiya ya ragu, ta faɗi ƙasa da inda aka nufa. Jan ma da kafaɗa da baya ake yin sa, damtse kaɗai saurin gajiya yake ya kama rawa. Wajen saki ba a buɗe yatsu da ƙarfi, sassauta su ake yi tsirkiya ta ƙwace da kanta. Bayan ta tafi, hannun baka ya zauna a miƙe har a ji saukarta. Mafi yawan masu koyo a nan suke faɗuwa: ɗokin ganin inda ta sauka yakan sa su sauke hannu su leƙa tun kibiya ba ta gama barin baka ba. Akwai kuma batun ido. Kusan kowane mutum yana da idon da ya rinjayi ɗaya. Ka nuna wani abu mai nisa da yatsa ido biyu a buɗe, ka rufe ɗaya, ka buɗe ka rufe ɗayan. Wanda yatsa bai gusa ba da shi, shi ne shugaba. Yaron da idonsa na hagu ke shugabanci amma aka tilasta masa ja da dama zai daɗe yana harbi gefe ana ce masa ba shi da hannu, alhali juya masa bakan kawai ake bukata.

Bakan gargajiya ba shi da wata alama ta auna nisa a jikinsa. Maharbi wurin kawai yake kallo, jiki ya yi sauran, kamar yadda hannu ke kai loma baki cikin duhu. Amma wane wuri? Dattawan wajen nan sukan ce wa yaro, "Kak ka dibi nama duka, dibi wuri guda." Wanda ya kalli barewa gaba ɗayanta, ƙahonta da idonta da kyanta, zai harba tsakanin wannan duka, ya sami iska. Sai ya zaɓi ɗan tabo a bayan kafaɗa, inda gashi ya kwanta ko inuwa ta faɗa, ya kafa ido a nan har komai ya dushe. Masu bincike sun zo sun tarar da abin da maharba suka daɗe da sani. Joan Vickers ta Jami'ar Calgary a Kanada ta wallafa bincike a 1996 kan 'yan ƙwallon kwando, inda ta nuna cewa ƙwararru sukan tsayar da ido a ɗigo guda na lokaci mai tsawo kafin su jefa, na baya kuwa idonsu yawo yake yi. Daga baya an ga haka a wajen masu harbi. Shi ya sa a bayan gida ba a auna buhu, ɓawon gyaɗar da ke jikinsa ake aunawa, in an ƙware a koma rabin ɓawon.

Buhu dai ba ya motsi, kuma nisansa sananne ne. Daji ba haka yake ba. Don haka mataki na gaba shi ne a fita da yaro gonakin da aka girbe, ana tafe ana zaɓen abin harbi: wancan kututture, wancan suri, wancan busasshen kashin shanu. Kibiya ɗaya ga kowanne, daga inda aka tsaya, sannan a taka a ƙirga taku nawa ne. Wani lokaci a mirgino ƙwallon goriba a ƙasa ya harba yana gudu. A yi a durƙushe, a yi a tsugune, a yi ta ƙarƙashin reshe, a yi da hazon hunturu da duhun magariba, domin nama ba ya fitowa a lokacin da ido ya fi so. Wannan ƙirgen taku ba wasa ba ne, lissafi ne ke bayansa. A ɗauka kibiya na tafiyar mita 50 a daƙiƙa guda, wanda gudu ne mai kyau ga bakan itace. A mita 10 nauyinta zai ja ta ƙasa da kusan santimita 20, taƙi guda ke nan. A mita 20 faɗuwar ta kusa santimita 80. A mita 30 ta kai tsayin mutum. Wanda ya ɗauka nama na mita 20 alhali yana 25, kibiyarsa za ta sauka fiye da taƙi guda ƙasa da inda ya nufa, ta wuce ta ƙarƙashin cikin gada. Ga wata matsalar: sauti na tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa, ya ninka gudun kibiya kusan sau bakwai. A mita 20, gada za ta ji ƙarar tsirkiya kusan sulusin daƙiƙa kafin kibiya ta iso, kuma wannan ya ishe ta ta duƙa ta zabura.

Maganin duka biyun ɗaya ne, a matsa kusa. Rabin saitin maharbi a ƙafarsa yake da gwiwarsa. Kafin ya fara sanɗa zai ɗebi ƙura da yatsu ya saki ya ga inda iska ta nufa, ya zagaya ta yadda za ta riƙa busowa daga wajen nama zuwa gare shi. A fili inda babu maɓoya sai ya ɗaura burtu. Kan tsuntsun ne, ko itace da aka sassaƙa aka rufe da baƙar fata, da dogon baki da jan maƙogwaro, a ɗaure shi a goshi, a yafa baƙin zane a baya. Maharbi ya duƙa, baka a hannu ɗaya yana jan sa a ƙasa, ya yi taku uku ya tsaya, ya sunkuyar da kai bakin ya caki ƙasa, ya ɗaga ya waiga hagu, ya kauce gefe kamar bai damu da kowa ba. Dabbobi sun saba ganin burtu na kiwo a tsakaninsu, ba sa gudunsa. Barewa ta ɗago ta dube shi, shi kuma ya ci gaba da caccakar ƙasa har ta mayar da kai. Tafiyar da mutum zai yi cikin minti biyu takan ci masa sa'a guda, ƙaya na shiga gwiwa, ƙudaje na bin ido, ba halin korewa. Duk wannan wahala don ya rage taku goma ne.

To ga shi ya iso, nama na gabansa, nan ne kuma babban abokin gaba yake fitowa, daga cikin ƙirjinsa. Zuciya ta hau bugu har yana jin ta a kunne, baki ya bushe, gwiwa ta ɗauki rawa, hannun da ya yi shekaru yana tara kibau a tafin hannu ya manta komai. Ba yaro kaɗai abin ke kamawa ba. A gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021 an riƙa nuna bugun zuciyar 'yan baka a talabijin, kuma wasu masana biyu, Yunfeng Lu da Songfa Zhong, suka bi bayanan mutum 122 suka wallafa sakamakon a 2023: yawan bugun zuciya gab da saki na tafiya tare da raguwar maki. Waɗannan fa gwanayen duniya ne, kuma allo suke harbi, ba abincin iyali ke gabansu yana shirin gudu ba. Koriya ta Kudu, wadda matanta suka ci zinaren ƙungiya sau goma a jere daga 1988 zuwa 2024, takan kai 'yan wasanta filin ƙwallo cike da 'yan kallo su yi harbi cikin ihu, don zuciya ta saba.

Maharbi ma yana da hanyoyinsa, kuma ba sa cin ko sisi. Ɗaya ita ce kibiya guda: da asuba, jiki bai warware ba, a fito a harba ɗaya tak a koma. Ba ta biyu, ba gyara, domin daji ba ya ba da ta biyu. Wanda ya san ɗaya gare shi yakan tara hankalinsa duka a kanta, kuma kibiya ashirin da aka harba da hankali sun fi ɗari da aka watsa ana hira. Wata hanyar ita ce a yi gudu ko a yi tsallen kwaɗo har numfashi ya ɗaga, sannan a ɗauki baka, don mutum ya koyi harbi zuciya na bugawa. Wata kuma a tara 'yan'uwa su tsaya a kansa suna kallo. Numfashi shi ne linzami: a ja shi a hankali tare da jan tsirkiya, a saki rabi, a tsaya, kibiya ta tafi cikin wannan ɗan shiru. Bisimillar da shari'a ta ɗora wa maharbi a daidai nan take faɗowa, kuma wanda ya saba yin ta da natsuwa, ba da fizga ba, ya sami abin da ke tsayar masa da zuciya a lokacin da ya fi bukata. Ba a kiwon kare ranar farauta. Abin da ba a saba da shi a gaban buhu ba, ba zai zo da kansa a gaban barewa ba.

Akwai wata cuta da kan kama har wanda ya ƙware. Sai ya ga yatsunsa na saki da kansu da zarar ido ya sauka a kan abin harbi, tun ja bai cika ba, ko kuma hannu ya ƙage a ƙasa da wurin ya ƙi hawa. A gida akan ce an yi masa baki ko an sa masa hannu, a shiga neman karya sammu. 'Yan baka a ko'ina cikin duniya sun san wannan matsala, kuma asalinta sabo ne: jiki ya haɗa ganin wuri da saki har ya daina jiran izini. Warakarta a koma baya. A tsaya taku uku daga buhu, a cire ganyen, a rufe ido ma in wurin ba haɗari, a riƙa ja da saki don jin yadda saki mai kyau yake. Sannan a koyi abin da ya fi komai wuya a sana'ar nan, wato a ja baka ya cika, a auna, a ƙirga uku, a mayar da tsirkiya a hankali ba a harba ba. Maharbin da ba zai iya fasa harbi ba, bakansa ne ke mulkinsa. Wanda ya iya kuwa, shi ne zai ga reshe ya gifta, ko nama ya juya baya, ko ya lura dabbar tana da goyo, ya sauke hannu ya bar ta ta wuce. A wajena wannan ne ma'aunin gwani, ba yawan fatun da ke rataye a zaurensa ba.

Gaskiyar da ba ta da daɗi ita ce dajin da ya haifi wannan sana'a yana ƙarewa. Gwanki da kanki da ɓauna sun zama labarin kakanni a yawancin ƙasar Sakkwato. Abin da ya saura zomo ne da zabin daji da fakara da gafiya, sai gada jefi-jefi. Gona ta ci daji, gatari ya ci saura, bindiga da fitilar dare da ƙunar daji sun yi wa nama kisan da baka bai taɓa yi ba. Dokoki na nan, tun daga dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 har zuwa doka ta 11 ta 1985 mai kare dabbobin da ke gab da ƙarewa, kuma ya wajaba maharbi ya san abin da aka hana shi taɓawa. Dazuzzukan da suka rage kuma, musamman ta wajen Kebbe da iyakar Zamfara, 'yan bindiga sun sa shigarsu ta zama sayar da rai. Maharba da yawa sun koma gadi da sintiri, wasu suna tafiya kudu neman daji, tafiyar da ita ma ba ta da tabbas, kamar yadda kisan mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 ya nuna. Samari kuwa sun ga babur ya fi kawo kuɗin cefane, kuma ba wanda zai zarge su.

Amma raguwar nama ba dalili ba ne na barin ilimin ya bi dattawa kabari. A gasar Olamfik ta Faris a 2024, wani ɗan Chadi mai suna Israel Madaye, ma'aikacin lantarki da ya koya wa kansa yawancin abin da ya iya da ƙarancin kayan aiki, ya tsaya a mita 70 ya kara da Kim Woo-jin na Koriya, wanda ya tashi da zinare uku a gasar. An cinye shi, har kibiyarsa ɗaya ta ci maki 1 kacal, amma ya kai inda 'yan baka 64 kaɗai a cikin mazan duniya suka kai. Chadi maƙwabciyarmu ce, kuma ba ta fi ƙasar Sakkwato tarihin baka ba. Addini ma ya ƙarfafa abin: hadisin Uƙbatu ɗan Amir a Sahihu Muslim ya fassara ƙarfin da aka umarci Musulmi su tanada da harbi, kuma malaman Malikiyya sun halatta gasar harbi har da sa kyauta.

Don haka kirana ga Sarkin Burmin Jabo da sauran iyayen ƙasa, da Sarakunan Baka, da shugabannin ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, Allah ya ja zamaninku: a sa rana guda bayan kaka a yi gasar baka. Fili ake bukata a bayan gari, da buhunan ƙaiƙayi, da kibau marasa dafi, da igiyar da za ta tsare 'yan kallo a bayan masu harbi. A ware rukunin yara da na manya, a yi na tsaye da na durƙushe da na ƙwallon goriba, dattawan maharba su zama alƙalai, a kuma ba wanda ya fi iya ɗaurin kibiya tasa kyautar. Masu koyarwar suna nan da ransu a unguwanninku, a neme su tun bana.